Wasiƙa ga Edita: 'Yan Makedoniya ba jikokin Iskandari ba ne, amma kuma ba ƙagaggiyar al'umma ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi gyara a kan wata jimla guda da na karanta a shafinku na wasanni. Marubucin yana tuna yadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Makedoniya ta Arewa ta doke Italiya da ci ɗaya da nema a watan Maris na 2022, ta hana ta zuwa gasar cin kofin duniya ta Ƙatar, sai ya kira 'yan wasan da suna "jikokin Iskandari Mai Girma". Na san kirari yake yi, kuma ba a tambayar mai kirari hujja. Sai dai da a birnin Atina ko Tasalonika aka buga wannan kirari, da washegari ƙofar ofishinku ta cika da masu zanga-zanga, domin a kan wannan magana ce ƙasashe biyu, Girka da Makedoniya ta Arewa, suka shekara 27 suna ja-in-ja, har aka toshe hanyar ciniki, aka sauya tuta, daga bisani ƙasa guda ta sauya sunanta. Ni tsohon malamin tarihi ne, na daɗe ina koyarwa a nan Kumasi kafin in ajiye alli. Da aka karanta labarin a majalisarmu ta bayan la'asar a Aboabo, wani saurayi ya juyo ya ce mini, "Baba Malam, idan akwai Makedoniya ta Arewa, to ina ta Kudu take?" Amsar da ban iya gama ba shi ba kafin a kira magariba, ita ce nake so in rubuta a nan.

Ta Kudu tana cikin ƙasar Girka, kuma ita ce mafi girma. Makedoniya tun asali sunan yanki ne a kudu maso gabashin Turai, ba sunan ƙabila guda ba, kuma yau yankin a rabe yake tsakanin Girka da Makedoniya ta Arewa da Bulgariya, da ɗan ƙanƙanin gefe a Albaniya. Girkawan da ke zaune a nasu ɓangaren sun haura miliyan 2, wato sun fi dukan mutanen Makedoniya ta Arewa yawa, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna ba su cika miliyan 2 ba, kuma su ma Girkawan suna kiran kansu 'yan Makedoniya da alfahari. A nasu ɓangaren ne garin Pella yake, inda aka haifi Iskandari a shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma a can ne, a Bergina, aka tono kaburburan sarakunan gidansu a 1977, aka sami akwatin zinariya mai tambarin rana da ƙahonni 16. Wannan Iskandari, wanda malamai suka daɗe suna saɓani a kan ko shi ne Zulƙarnaini na cikin Suratul Kahfi ko ba shi ba ne, ɗalibin Aristotal ne, sunansa da na ubansa Filibus duk kalmomin Girkanci ne, rubuce-rubucen da aka tono a ƙasarsu da Girkanci suke, kuma Girkanci ne rundunarsa ta yaɗa daga Masar har bakin Indiya kafin ya rasu a Babila a shekara ta 323.

Ko a wancan zamanin ma ba a rasa masu gardama a kan asalin gidan ba. Herodotus, masanin tarihin Girkawa na dā, ya ba da labarin wani sarki daga kakannin Iskandari da ya zo shiga wasannin Olimfiya, abokan takararsa suka ce bare ne, sai da ya kawo hujjar cewa zuriyarsa daga Argos, garin Girkawa, ta fito kafin aka bar shi ya yi tsere. Shi kuwa Demostenis na Atina, da yake gaba da Filibus, bai ɓoye cewa a wajensa sarkin baƙauye ne ba, ba Bagirke ba. Na kawo wannan ne domin a ga cewa tambayar "su wane ne 'yan Makedoniya" ta girmi kowace ƙasa da ke jayayya a kanta a yau. Amma duk yadda aka juya ta, abu ɗaya bai da shakka: waɗancan mutane ba Silabawa ba ne. Silabawa, dangin Rashawa da Sabiyawa da Polandawa a harshe, sun gangaro yankin ne a ƙarni na 6 da na 7, wajen zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kimanin shekara 900 bayan Iskandari, kuma harshen da ake magana da shi a Skopje, babban birnin Makedoniya ta Arewa, a yau daga nasu ya fito. Shugaban ƙasar na farko, Kiro Gligorov, da bakinsa ya faɗa a farkon shekarun 1990 cewa su Silabawa ne, ba zuriyar Iskandari ba. Ba na musun cewa jini ya gauraya, domin babu baƙon da zai zauna a ƙasa shekara dubu da ɗoriya bai yi auratayya da waɗanda ya tarar ba, amma gaurayar jini daban, gadon harshe da sarauta daban. A nan marubucinku ya yi kuskure, kuma a nan Girkawa suke da gaskiya.

Da a ce maganar a nan ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Abin da ya fi damuna shi ne ra'ayin da ke ɗaya gefen, wanda ake ji daga wasu Girkawa da Bulgariyawa da yawa, cewa tunda ba jikokin Iskandari ba ne, to babu wata al'umma mai suna 'yan Makedoniya ke nan, Bulgariyawa ne kawai da Tito, jagoran 'yan gurguzun Yugoslabiya, ya yi wa sabon suna a 1944. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari, kuma ba za a iya auna ta ba sai an koma zamanin Turkawa.

Daular Usmaniyya, ta Turkawa nake nufi ba ta Shehu Ɗan Fodiyo ba, ta mallaki yankin tun ƙarshen ƙarni na 14 har zuwa 1912, wato shekara 500 da ɗoriya, kuma ba ta rarraba talakawanta bisa harshe ko ƙabila ba, bisa addini ta rarraba su. Musulmi ɓangare guda ne ko da Baturke ne ko ɗan Albaniya ko Basilabe. Kiristocin Otodoks kuma duk suna ƙarƙashin babban limamin cocin da ke Istambul, wanda Bagirke ne, musamman bayan da aka rushe tsohuwar kujerar cocin Ohrid a 1767. Manomin ƙauye idan aka tambaye shi ko shi wane ne, sai ya ce shi Kirista ne, ɗan ƙauye kaza. Garuruwan kuwa cakuɗe suke da Turkawa da Girkawa da Silabawa da Albaniyawa da Yahudawa da Balahawa da Romawa, har Faransawa suka ari sunan yankin suka laƙaba wa kwaɗon da ake haɗawa da kayan lambu iri-iri. Tasalonika, wadda Silabawa ke kira Solun, Turkawa kuma Selanik, Yahudawa ne suka fi yawa a cikinta, kuma a cikinta aka haifi Mustafa Kamal Ataturk a 1881.

Abin ya sauya ne a 1870, lokacin da Sarkin Musulmin Istambul ya yarda Bulgariyawa su kafa cocinsu mai zaman kanta. Daga nan kowane ƙauye sai ya zaɓi wanda zai bi, limamin Girkawa ko na Bulgariyawa, kuma zaɓin coci ya zama zaɓin ƙasa. Girka da Bulgariya da Sabiya, waɗanda kowacce ke kwaɗayin yankin idan Turkawa suka fita, suka shiga gasar buɗe makarantu da biyan malamai da zana taswirori da ƙidayoyi, kowa yana ƙirga mutane ɗaya a matsayin nasa. Da makaranta ta gaza, sai aka turo 'yan bindiga. An sha samun gida guda da wa ya zama Bagirke, ƙane ya zama Babulgare, saboda makarantun da suka shiga sun bambanta. A 1878 yarjejeniyar San Istefano ta ba Bulgariya kusan dukan yankin, amma cikin 'yan watanni taron Balin ya ƙwace ya mayar wa Turkawa, kuma Bulgariya ba ta taɓa haɗiye wannan takaici ba.

A nan gaskiya ta wajabta in faɗi abin da ba a son ji a Skopje. Yawancin masu ilimin Silabawan yankin a ƙarni na 19, idan suka ambaci al'ummarsu a rubuce, Bulgariyawa suke kiran kansu. 'Yan'uwan nan biyu na gidan Miladinov, 'yan garin Struga, da suka tattara waƙoƙin gargajiyar mutanensu suka buga a 1861, waƙoƙin Bulgariyawa suka kira su. Ƙungiyar juyin juya halin da aka kafa a Tasalonika a 1893, wadda ta tayar da boren Ilinden ranar 2 ga Agusta 1903, har ta kafa jamhuriya a garin Krushevo da ta yi kwana goma kacal kafin Turkawa su murƙushe ta, jagororinta da yawa malaman makarantun Bulgariya ne, da Bulgariyanci kuma suke rubutu, ko da yake abin da suke nema shi ne yankin Makedoniya ya sami cin gashin kansa. Gotse Delchev, gwarzon ƙungiyar da aka kashe a watan Mayu na 1903, sunansa yana cikin taken ƙasar Makedoniya ta Arewa, akwai gari mai sunansa a can, akwai kuma wani garin mai sunansa a Bulgariya, garin haihuwarsa kuwa yau yana cikin Girka. Ƙasusuwansa ma a Sofiya, babban birnin Bulgariya, suke har 1946, sannan aka kai su Skopje. Haka abin yake idan aka ƙara komawa baya: Sarki Samuyel, wanda ya yi mulki daga Ohrid, Rumawan Gabas da suka yaƙe shi ƙasar Bulgariya suke kiran daularsa, kuma sarkinsu Basil da ya karya rundunarsa a 1014 laƙabinsa "mai kashe Bulgariyawa". Waliyin cocinsu Kiliment na Ohrid kuwa, babbar jami'ar Sofiya sunansa take ɗauke da shi, haka ma jami'ar Bitola.

Sai dai a wannan shekara ta 1903 ɗin dai, wani malami ɗan yankin mai suna Krste Misirkov ya buga littafi a Sofiya yana cewa Silabawan Makedoniya al'umma ce ta daban, ba Bulgariyawa ba ne, ba Sabiyawa ba ne, kuma ya kamata su rubuta harshensu bisa karin tsakiyar ƙasarsu. Masu irin ra'ayinsa 'yan kaɗan ne a lokacin, shi kansa ma daga baya ya yi ta kai da komo a kan maganar, amma littafin shaida ne cewa tunanin ya girmi mulkin Tito da shekara 40. Abin da ya ba shi ƙarfi kuwa shi ne wahalar da ta biyo baya. Bayan yaƙe-yaƙen 1912 da 1913, yarjejeniyar Bukares ta raba yankin: Girka ta ɗauki kusan rabi, Sabiya ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku, Bulgariya ta tashi da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Sabiya ta kira nata rabon "Sabiya ta Kudu", ta sauya wa mutane ƙarshen sunayensu ya dace da na Sabiyawa, ta hana kowane harshe a makaranta sai nata. Girka ta sauya sunayen ƙauyuka da garuruwa, ta zaunar da ɗaruruwan dubban Girkawan da aka kwaso daga Turkiyya bayan musayar jama'a ta 1923, kuma a zamanin mulkin kama-karya na Metaksas har tara ake cin mutum idan aka ji shi yana magana da harshen uwarsa. Da Bulgariya ta shigo a 1941 a matsayin ƙawar Jamus, mutane da dama sun tarbe ta da murna, amma ba a jima ba suka ga jami'an Sofiya ma mulkin baƙo suke yi, kuma a ƙarƙashin wannan mulki ne aka kwashe Yahudawan yankin sama da 7,000 a watan Maris na 1943 aka kai su sansanin Jamusawa na Tirebilinka, inda aka hallaka su. Mutumin da a cikin shekara 30 aka ce masa shi talakan Sarkin Turkawa ne, aka dawo aka ce Basabiye ne, aka sake cewa Babulgare ne, kowane karo kuma da bulala, ba abin mamaki ba ne idan ya gaji ya riƙe sunan ƙasar da yake takawa.

Saboda haka lokacin da 'yan gwagwarmaya suka taru ranar 2 ga Agusta 1944 suka ayyana jamhuriyar Makedoniya a cikin tarayyar Yugoslabiya, aka tsara baƙaƙen rubutu 31 a 1945, Blaje Koneski da abokansa suka daidaita nahawu bisa karin Prilep da Bitola da Veles, ba a kan iska suka yi gini ba. Gaskiya ne Tito yana da manufarsa, yana so ya yanke igiyar da ta ɗaure yankin da Sofiya, kuma gaskiya ne an tsananta wa waɗanda suka ci gaba da kiran kansu Bulgariyawa, an ɗaure wasu, an kashe wasu. Amma ita kanta Bulgariya, a ƙarƙashin 'yan gurguzu, ta amince da wannan al'umma a lokacin, har ƙidayarta ta 1956 ta rubuta mutane sama da 180,000 a matsayin 'yan Makedoniya, kafin ta sauya ra'ayi a shekarun 1960 su ɓace daga takarda kamar an share allo. Harsunan biyu kuwa kusa suke ƙwarai, mai jin ɗaya yana fahimtar ɗaya, kuma dukansu sun bambanta da sauran harsunan Silabawa wajen liƙa alamar tantancewa a ƙarshen suna, kamar yadda mu ma muke cewa gida da gidan, riga da rigar. Amma kama da wane ba ta wane. Yau shekara 80 ke nan ana haihuwa da karatu da waƙa da mutuwa cikin wannan harshe da wannan suna, kuma duk al'ummar da ke duniya akwai ranar da ba ta wanzu ba. Wasu dai ranarsu ta yi nisa har an manta, ta 'yan Makedoniya kuwa tana kusa, akwai hotunanta.

Mu a Gana bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Sunan ƙasarmu aro ne daga tsohuwar daular Gana, wadda kufanta ke can tsakanin Muritaniya da Mali, nesa da Kumasi da tafiyar makonni a zamanin fatake, amma da aka ɗaga tuta ranar 6 ga Maris 1957 babu wanda ya tsaya a ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ba za mu shiga da wannan suna ba. Dahomi ta koma Benin a 1975 alhali fadar Oban Benin tana Najeriya, duniya kuma ba ta tashi ba. Mu mutanen zango mun ma fi kowa sanin zafin abin. Nawa ne daga cikinmu kakanninsu Zabarmawa ne ko Mosawa ko Wangarawa ko Kotokoli, amma yau ba su da harshen gida sai Hausa? Tonawa suna kiranmu Hausawa gaba ɗaya, Bakano ya ji Hausarmu ya yi murmushi ya ce Gananci ce. Wani kawuna, haifaffen Kumasi, yana cikin waɗanda dokar korar baƙi ta 1969 ta ba mako biyu su bar ƙasa, da ya isa garin da aka ce nasu ne kuwa, har ya rasu "ɗan Gana" ake kiransa. Ba ina cewa lamarin ɗaya ne da na Makedoniya ba, domin Girka tana da wani tsoro da Mali ba ta da shi game da mu. A yaƙin basasarta na 1946 zuwa 1949, Silabawan arewacinta da yawa sun yi yaƙi a ɓangaren 'yan gurguzu, ana kuma maganar haɗe Makedoniya duka har da Tasalonika, saboda haka a kunnen Bagirke sunan yana zuwa ne da taswira a bayansa.

Wannan tsoro ne ya fito fili bayan ƙuri'ar raba gardama ta 8 ga Satumba 1991, da jamhuriyar ta ɓalle daga Yugoslabiya ba tare da yaƙi ba, ta kuma sa tambarin ranar Bergina a tutarta. Girka ta ƙi yarda da sunan, sai a 1993 aka shigar da ƙasar Majalisar Ɗinkin Duniya da wani dogon laƙabi na wucin gadi, "tsohuwar jamhuriyar Yugoslabiya ta Makedoniya", aka kuma zaunar da wakilinta kusa da na Tailan, domin ba a yarda a jera ta a harafin sunanta ba. A watan Fabrairu na 1994 Girka ta hana ta amfani da tashar jiragen ruwan Tasalonika, ƙasar da ba ta da teku, sai da ta sauya tuta a 1995 aka buɗe. A 2008 Girka ta tare mata hanyar shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, abin da kotun duniya da ke Heg ta ce a 2011 ya saɓa wa yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1995. Gwamnatin Skopje ta firayim minista Nikola Gruevski kuwa, maimakon ta yayyafa ruwa, sai ta ƙara fetur: an raɗa wa filin jirgin saman Skopje sunan Iskandari, aka cika tsakiyar birnin da gumaka da gine-gine masu kwaikwayon na tsoffin Girkawa, aka kafa ƙaton mutum-mutumin mahayin doki a 2011, wanda kowa ya san ko wane ne amma a hukumance ba a ambaci sunansa ba. A ganina wannan wauta ce mai tsada a ƙasar da matasanta ke ficewa neman aiki, kuma ta ba abokan gardamarsu hujja a kyauta, domin wanda ya tafi aron kakan wani kamar ya yarda ne cewa nasa bai isa ba. Albaniyawan ƙasar, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na jama'a kuma yawancinsu Musulmi ne, waɗanda sai da aka yi ɗan yaƙi a 2001 kafin yarjejeniyar Ohrid ta faɗaɗa musu haƙƙoƙi, ba su ga kansu a cikin waɗannan gumaka ba ko kaɗan.

An warware wannan ƙulli ne ranar 17 ga Yuni 2018 a bakin tafkin Prespa, a gaban firayim ministoci Zoran Zaev na Makedoniya da Aleksis Tsipras na Girka. Ƙasar ta karɓi sunan Makedoniya ta Arewa, ta kuma amince a rubuce cewa harshenta na dangin Silabawa ne kuma ba ta da alaƙa da tsohuwar wayewar Girkawa. Girka ta yarda a ci gaba da kiran harshen da sunan Makedoniyanci, ta kuma janye daga ƙofar NATO, inda ƙasar ta shiga a watan Maris na 2020 a matsayin ta 30. Babu ɓangaren da ya yi murna. A ƙuri'ar raba gardamar Skopje fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu zaɓe sun amince, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 ba, majalisar Girka kuma da ƙuri'a 153 cikin 300 ta amince. Ni dai ina ganin mutanen biyu sun yi jarumtakar da ba a cika samu a wajen 'yan siyasa ba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Bulgariya, wadda ita ce ƙasa ta farko da ta amince da 'yancin jamhuriyar a watan Janairu na 1992, da ƙasar kawai ta amince, ba da al'ummar ko harshen ba, har takardun da suke sa wa hannu sai an yi dabarar rubuta cewa an yi su da harshen kowace ƙasa "bisa tsarin mulkinta". A watan Nuwamba na 2020 ta hau kujerar na-ƙi a kan fara tattaunawar shigar maƙwabciyarta Tarayyar Turai, ƙasar da ke jira a bakin ƙofa tun 2005. Sulhun da Faransa ta kawo a 2022 ya ɗora sharaɗin a rubuta Bulgariyawa a cikin tsarin mulki a jerin al'ummomin ƙasar, abin da ke buƙatar ƙuri'a 80 cikin 120 na majalisa, kuma ba a same su ba. Sharaɗin shi kaɗai ba abin ƙi ba ne, domin duk wanda ya ce shi Babulgare ne a Ohrid ko Bitola yana da haƙƙin a rubuta shi haka. Waɗanda suka faɗi haka a ƙidayar 2021 kimanin 3,500 ne, ko da yake dubun-dubata sun karɓi fasfon Bulgariya, wanda ke buɗe ƙofar aiki a Turai, kuma mu da muka san abin da takardar tafiya ke sa mutum ya rantse a kai ba za mu yi saurin ɗaukar wannan a matsayin shaidar asali ba. Abin da mutanen Skopje ke tsoro shi ne bayan wannan sharaɗi wani zai biyo, a kan littattafan tarihin makaranta da harshe da Delchev, alhali ita Bulgariya kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta sha yanke hukunci a kanta saboda ƙin yi wa ƙungiyoyin 'yan Makedoniyan cikinta rajista. Rigimar Girka a kan suna da matattu ce, shi ya sa kalma guda ta kashe ta. Ta Bulgariya kuwa a kan rayayyu ce, ana neman mutum ya sa hannu cewa kakansa wani ne daban da wanda aka gaya masa a gida, kuma ban ga kalmar da za a ƙara wa suna ta biya wannan ba. Bulgariya tana da hujjoji na gaske a kan abin da mutanen 1870 da 1903 suka kira kansu, ya kuma kamata littattafan Skopje su daina ɓoye su, amma takardar kaka ba ta isa ta hana jika faɗin abin da yake ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, guda biyu ne. Idan za ku sake ambaton ƙasar, ku rubuta cikakken sunanta, Makedoniya ta Arewa, mutanenta kuma 'yan Makedoniya, harshensu Makedoniyanci, ku bar Iskandari a Pella inda aka haife shi. Na zaɓi rubuta sunan da harafin "k" ne da gangan, domin da Girkawa da Silabawan yankin da Bulgariyawa duk haka suke furta shi, Larabawa ma Maƙduniya suke cewa, kuma ina ganin mu ma shi ya fi dacewa mu bi. Na biyu, ku gaya wa marubucin wasanninku cewa idan kirari yake nema wa 'yan wasan, yana da na gaskiya a hannunsa, domin shekara guda kafin su fitar da Italiya, a watan Maris na 2021, sun bi Jamus har gida sun doke ta da ci biyu da ɗaya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
Tsohon malamin tarihi,
Aboabo, Kumasi.